Gidajen Mutanenmu da Suka Yi Gabas

Tun zamanin kakanninmu, in mutum ya komo daga Gabas, bayan an yi masa barka da sauka, an kurɓi Zamzam, an raba dabino da tasbaha, tambayoyin da ke biyowa ba su wuce uku ba. Yaya gidajensu su ke? Nawa mutum ke kashewa kafin ya sami wurin sa haƙarƙarinsa? Yaya zafin ƙasar da ruwanta? Ba son jin labari kaɗai ke sa a yi tambayoyin nan ba. Da wuya a sami zuriya a Sakkwato ko Kano ko Katagum ko Gwambe wadda ba ta da wani nata da ya yi gabas bai komo ba, kowa kuwa yana so ya san irin zaman da ɗan'uwansa ya ke yi. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki tambayoyin nan mu bi su a kan mutanenmu da suka zauna a ƙasar Sudan, waɗanda mutanen can ke kira Fallata ko Takari, ko Bafillace ne mutum, ko Bahaushe, ko Babarbare.

Hanyar Gabas tsohuwa ce. Alhazai sun daɗe suna bin ta, ta Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur, da ƙafa ko bisa jaki da takarkari. Inda guzuri ya ƙare sai su yada zango, su yi noma ko dako ko ɗinki shekara ɗaya ko biyu, kāna su ƙara gaba. Amma babban tashi shi ne na shekarar 1903. A cikin watan Fabrairu Turawa suka ci Kano, ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita ya nufi gabas, jama'a suka bar gidajensu da gonakinsu suka bi shi, har aka yi karon ƙarshe a Burmi ran 27 ga Yuli, inda ya rasu tare da mutane masu yawa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, shi ya ja sauran jama'a suka ci gaba. Wajen 1906 suka sauka a bakin Bahar Azarak, watau Shuɗin Nilu, kusa da garin Shehu Talha, kudu da Sannar kaɗan. Garin da ya kafa har wa yau da sunansa a ke kiransa, Mai Wurno.

Ku dubi ikon Allah. Turawan Ingila suka gudo wa, Turawan Ingila kuma suka tarar, gama tun 1899 Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. Sai dai a can Turawa ba su ƙi su ba. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwar 1888 zuwa 1889 sun rage mutanen ƙasar ƙwarai, ga ƙasa shimfiɗe babu masu noma ta. Gwamnati ta ba Mai Wurno fili, ta yarda da sarautarsa bisa jama'arsa, shi kuma ya riƙa aika mutanensa suna kafa ƙauyuka a bakin kogi har kudu wajen Rusairis.

To, kafin mu duba abin da suka gina can, sai mu tuna irin gidan da suka baro. Gidan Bahaushe, ko na birni ko na ƙauye, tsarinsa ɗaya ne: daga waje zuwa ciki, kowane mataki yana rage yawan masu wucewa. Da fari zaure, inda mai gida ke zama da baƙinsa, inda malami ke ba da karatu, maɗinki ya baje aikinsa, baƙon dare ya kwana. Bayan zaure sai filin ƙofar gida, inda ɗakin samari ya ke da turken doki ko jaki. Sa'an nan shigifa, wadda namijin da ba muharrami ba ba ya ƙetare ta. Daga nan sai cikin gida: turakar mai gida, ɗakin kowace mace da nata, madafa, rumbu, rijiya, da bayan gida can kusurwa. Ƙofa guda ce tak. Duk mai shiga da mai fita, yaro ko babba, sai ya ratsa ta gaban mai gida.

Kayan ginin kuwa duk a gindin mutum su ke. Jar ƙasa daga kududdufin unguwa, a cuɗa ta da ciyawa, a dunƙula tubali a shanya. Azara daga giginya, wadda gara ba ta ci. Da ya ke azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tsakani ya wuce kamar ƙafa 6, sai maginanmu suka ƙware ga jera ta bisa juna da yin bakan gizo da ɗaurin guga, har su rufe babban soro ba ginshiƙi a tsaka. Wanda ya ga masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga iyakar abin da ƙasa da azara ke iya yi. A bisa kuma a shafe da makuba ko laso, a sa indararo domin ruwa ya zuba nesa da bango. Talaka a ƙauye ba ya bukatar ko wannan. Kago ne da jinka, da dangar kara ko zana, a yi gayya a gama cikin 'yan kwanaki, mai gida ya ciyar da mutane tuwo da fura.

Fili fa? Nan ne maganar ta ke. Baƙo ya je wurin mai unguwa ko dagaci da ɗan goronsa, a nuna masa kango ko saura, ya gina, shi ke nan ya zama ɗan gari, 'ya'yansa su gāda. Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, da ya zo Kano cikin 1851 ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000, watau kamar fam 4 ko 5 na Ingila, sun ishi iyali guda shekara har da tufafinsu. Ƙasar da zama ya ke da araha haka, gida ba shi ne abin da ke hana mutum barci ba.

Abu na fari da ya saɓa musu a bakin Nilu shi ne ƙasar da suka taka. Jazira, watau filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, da kuma ƙasar Gadarif, baƙar laka ce irin firgin Barno na wajen Dikwa. Da damina ta kumbura ta yi danƙo har raƙumi ba ya iya tafiya, da rani ta bushe ta tsattsage, tsagar ta isa ƙafar yaro ta faɗa. Auduga da dawa suna son ta, amma bango ba ya son ta, don kuwa ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa shekara shekara har ya dare. Saboda haka a wajen Gadarif ɗakin da ya fi yawa shi ne wanda su ke kira guɗɗiyya, bukka ce mai zagaye ta itace da ciyawa, mai tsinin kai. Mutanenmu na ƙauye da suka gan ta ba su yi baƙunta ba, kago ne da jinka aka sake wa suna. Mutumin birni kuwa, wanda ya saba da soro da zanko, shi ne ya san ya bar gida. A bakin kogi kaɗai, inda ambaliya ke ajiye laka mai laushi, a ke samun ƙasar yin bulo, can ne kuma a ke da matoyar jan bulo, wanda sai mai hali ke saye.

Sai ruwan sama. A Kano a kan sami kamar inci 34 a shekara, a Sakkwato ƙasa da haka kaɗan. Gadarif tana samun wajen inci 24, Sannar wajen 18, Wad Madani wajen 14, Hartum kuwa da ƙyar ta ke wuce 6. Watau tun daga Mai Wurno, duk takin da mutum ya yi arewa damina tana gajarcewa. Wannan shi ya sa ginin Larabawan Sudan na tsakiyar ƙasa bai damu da ruwa ba kamar namu. Bangonsu, wanda su ke kira jalus, ba a yi masa tubali. Ɗora laka a ke yi sahu sahu, a bar kowane sahu ya bushe kafin a ɗora wani. Ɗakin murabba'i ne, a gitta babban itace guda a tsaka, a jera ƙanana bisansa, a shimfiɗa tabarmi da ciyawa, a rufe da laka. Maimakon makuba, sai su yaɓe da abin da su ke kira zibala, kashin dabbobi ne da a ke jiƙawa da ƙasa. Yana tare ruwa daidai gwargwado, amma sai an sabunta shi kafin kowace damina. Maginin Kano in ya dubi rufin nan ya ce aikin yara ne. Ba mu ga laifinsa ba, sai dai mu tuna masa cewa wanda ruwansa inci 6 ne ba shi da dalilin koyon ɗaurin guga.

Abin da ginin can ke yaƙi da shi zafi ne da ƙura. A Kano bazara kan tsananta cikin Afrilu, amma da ruwa ya sauka a Yuni sai gari ya yi sanyi. A Hartum, Mayu da Yuni zafin rana kan kai awo 41 ko 42 a ma'aunin Salshiyas, ya ɗan sassauta cikin Agusta, ya sake komowa a Oktoba. Ga kuma habub, guguwar ƙura da ke tasowa kamar bango ja ta rufe gari da rana tsaka. Hunturunsu yana da iskar arewa mai bushewa kamar namu, amma kwanakinsa kaɗan ne a kan kwanakin zafi. Don haka ɗaki a can kusan ma'ajin kaya ne da mafakar ƙura. Yini a rakuba a ke yinsa, watau rumfa, inda a ke ajiye zir, randar da ke sanyaya ruwa. Da dare kuwa kowa ya jawo angarib, gadon itace da igiya marar nauyi, ya kwanta a tsakar gida yana kallon taurari. Mu da muka saba da gadon ƙasa da gadon kara, har tsofaffi su hura wuta a ɗaki da hunturu, wannan gado mai yawo baƙon abu ne gare mu, amma yana cikin abubuwan da mutanenmu suka fara karɓa.

A wajen tsari kuwa, gidan Balaraben Sudan ya yi kama da namu a niyya, ya saɓa a hanya. Su ma suna kewaye gida da katanga, su kira shi hosh, su ma suna raba maza da mata. Amma maimakon zaure suna da diwan, ɗakin baƙi ne mai gadaje, da farfajiyarsa, galibi da ƙofarsa dabam, mata kuma da tasu ƙofar. Bambancin ba ƙarami ba ne. Zaure hanya ce, diwan masauki ne. Mai zaure yana ganin duk wanda ya shiga gidansa, mai diwan kuwa ya keɓe da baƙinsa, sha'anin cikin gida yana tafiya ta wata ƙofa. Har a Umdurman a kan huda 'yar ƙofa tsakanin gida da gida, su kira ta naffaj, mata su riƙa ziyartar juna ba tare da sun fita titi ba. Mutanenmu, inda duk suka sami fili isasshe, zaure suka fi so, domin kulle da makarantar allo da sana'ar mai gida duk a kansa su ke rataye, matan kuma suka ci gaba da sana'arsu daga cikin gida, yara suna kai talla. Ashe tsarin gida a kai a ke ɗaukarsa. Rufi da gado da wurin kwana su ne ƙasa da iska suka sauya.

To, sai tsada. A nan ne mu ke so masu karatu su lura ƙwarai, gama laka kyauta ce a Sudan kamar yadda ta ke a Kano, gayya ma suna da ita, nafir su ke ce mata. Abin da ya raba gida mai araha da mai tsada shi ne wanda ke da ƙasar da aka ɗora shi.

A Mai Wurno da ƙauyukanta, zama ya yi kusa da na gida. Sarki nasu ne, shi ke nuna fili, mutum ya gina yana da tabbacin ba mai tashinsa. Amma yawancin waɗanda suka biyo baya ba can suka sauka ba. Jirgin ƙasa ya kai Al-Ubayyid cikin 1912, tafiya ta yi sauƙi. Cikin 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe noman auduga na Jazira a kan fili wajen eka 300,000. Gwamnati ta karɓi hayar ƙasar daga masu ita a kan kurush 10 kowace eka a shekara, kimanin sule 2 ke nan, ta yanka ta gona gona, kowace eka 30, sulusinta auduga. A yawancin shekarun nan, in an sayar da auduga manomi ya ɗauki kashi 40 cikin 100, gwamnati 40, kamfanin Turawa 20. Aikin ya fi ƙarfin manoman, sai da 'yan ƙwadago, mutanenmu kuwa su ne ƙashin bayan ƙwadagon nan, wajen noma da tsinkar auduga. Waɗansu sun sami gonaki a farkon shekarun 1930, sa'ad da kasuwar auduga ta faɗi 'yan ƙasa da yawa suka saki nasu. Amma mafi yawa an zaunar da su ne a wuraren da a ke kira kambo, sansanin 'yan ƙwadago a gefen magudanar ruwa, bisa ƙasar da ba tasu ba. Gida a kambo ba ya cin kuɗi, kara ne da laka. Tsadarsa ta wata fuska ce. Ba wanda zai kashe abin hannunsa ya yi ginin ƙwarai a inda a ke iya cewa ya tashi gobe. Ruwan sha daga magudana ne, shi kuwa ruwan da ke kwance duk shekara ya kawo sauro da tsargiya a ƙasar da dā rani ke kashe su.

A birni kuma wani salo ne. Da Turawa suka sake gina Hartum bayan 1898, sai suka kasa filayen zama aji aji. Aji na ɗaya da na biyu manyan filaye ne, dole a gina su da dutse ko jan bulo, wa'adin hayarsu daga gwamnati mai tsawo. Aji na uku a yarda da laka, wa'adi gajere. Can bayan gari kuma aka ware wa 'yan ƙwadago unguwannin da a ke kira daim, filaye ƙanana ainun, ba takardar mallaka, har da daim na Fallata. Ku auna: mutumin da ya saba da zaure da ƙofar gida da shigifa, ga shi a cikin filin da ɗaki ɗaya da 'yar rumfa suka cinye, ko kuwa yana biyan hayar ɗaki wata wata, abin da kakansa bai taɓa ji ba. Daga 1949 aka shiga rushe tsofaffin daim ana mai da mutane sababbi masu ɗan faɗi. Fallata da yawa suka ƙare a unguwar da aka sani da Ishash Fallata, watau bukkokin Fallata, wadda ita ma aka tashe ta a farkon shekarun 1990 aka kai mutanenta kudancin birni.

Wanda ya kai bakin Bahar Maliya ya ga wani abu dabam. A Bur Sudan ruwan sama bai fi inci 3 ko 4 ba, shi ma da hunturu ya ke zuwa, zafin kuwa mai gumi ne, ba irin namu mai bushewa ba. A Sawakin da Jidda attajirai sun yi gidaje hawa uku ko huɗu da dutsen murjani na teku, da tagogin katako masu ɓuli ɓuli da a ke kira roshan, don iska ta ratsa mata kuma su ga waje ba a gan su ba. Watau abin da mu ke yi a kwance, daga zaure zuwa turaka, su a tsaye su ke yinsa, baƙi a ƙasa, iyali a sama, kwana a kan rufi. Takari ba su shiga irin waɗannan gidaje ba sai da tulun ruwa a kafaɗa. Bukkoki suka yi a wajen ganuwar Jidda, kafin a rushe ta cikin 1947, a Makka kuma suka taru a gefen gari wajen Misfala da Jarwal, domin da lokacin Haji ya gabato haya a kusa da Harami sai mai dukiya.

Wani masani mai suna Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira ya kuma fitar da littafi a kansu cikin 1995, ya lura cewa da yawansu, har jikokin da aka haifa can, suna kiran kansu matafiya Haji, suna kuma ƙin yin ginin dindindin, wai kada ya zama sun karya niyya. Ba mu musa wannan ba, mun san ƙarfin niyyar Haji a zuciyar mutanenmu. Amma a ganinmu akwai doka a bayan al'adar. Cikin 1948 aka yi dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897, dokar 1957 kuma ta bi sawunta. Mutanen Burmi sun makara da shekara tara. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa kuwa, samun gona a Jazira ko fili a birni ya yi masa wuya. Cikin 1970 aka ƙara da wata doka da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, alhali mafi yawan ƙauyukan bakin kogi da amincewar sarakunan gargajiya aka zauna su, ba da takarda ba. An sassauta dokar zama ɗan ƙasa daga baya, jikokin da yawa suka sami takardunsu, suka yi gidajen jan bulo da siminti a Mai Wurno da Wad Madani da Gadarif da Kasala. Amma maganar ƙasa ba ta mutu ba.

Cikin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. Waɗansu daga cikin ƙabilun da suka riga su zama suka ƙi, domin a can sarauta da mallakar ƙasa tare su ke tafiya. Faɗa ya tashi cikin Yuli a Rusairis da kewayenta, ya sake tashi cikin Oktoba a wajen Wad al-Mahi. Mutane ɗaruruwa suka mutu daga ɓangarorin biyu, aka ƙone gidaje, dubban iyalai suka gudu zuwa Damazin da Sannar da Farin Nilu, suka sauka a makarantu. Ba a gama mai da su ba sai babban yaƙin Sudan ya ɓarke cikin Afrilu 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF cikin Disamba na wannan shekara, sojan gwamnati suka karɓe ta cikin Janairu 2025, a cikin watan nan kuma aka kai wa waɗansu kambo na Jazira hari, aka kashe mutane, aka cinna wa bukkokinsu wuta.